Daga makarantar wasa zuwa gaban kyamara: wace hanya 'yar wasan Birtaniya take bi?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Na ga an rubuta cewa Wunmi Mosaku, wadda ta fito a fim ɗin Sinners, a Zariya aka haife ta. Haka ne? Kuma ina neman wanda zai fayyace mana dalla-dalla yadda mace take zama 'yar wasa a Birtaniya. Makaranta ake shiga ko sa'a ce? Ina so a faɗi ainihin matakan, ba yabon taurari ba.

Baffan Zazzau:
Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Haka ne. A Zariya aka haife ta a shekarar 1986, iyayenta Yarbawa ne, malaman jami'a. Tana da shekara ɗaya suka koma Mancesta, can ta tashi, can ta yi sakandare, ta kuma yi shekara 11 tana rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan 'yan mata ta garin. Ki riƙe wannan na waƙar, zai yi amfani idan aka zo maganar murya. Daga nan ta shiga RADA, shahararriyar makarantar koyon wasan kwaikwayo a Landan, ta gama a 2007.

Ga jerin da nake so a duba da kyau. A 2007 ta fara da wasan dandamali a Arcola, ƙaramin gidan wasa a gabashin Landan. A 2009 ta shiga shirin BBC mai suna Moses Jones. A 2010 ta ja ragamar I Am Slave, inda ta fito a matsayin yarinyar da aka sato daga tsaunukan Nuba na Sudan aka bautar. A 2011 ta shiga shirin talabijin na Vera a matsayin 'yar sanda. Sai a 2017 ta karɓi BAFTA ta talabijin, babbar kyautar wannan fanni a Birtaniya, saboda fitowa a matsayin Gloria Taylor, mahaifiyar Damilola, yaron nan ɗan Najeriya mai shekara 10 da aka kashe a unguwar Peckham ta Landan a 2000. Shekara goma cif ke nan tsakanin fita makaranta da wannan kyauta. His House, Lovecraft Country da Loki duk bayan nan suka zo, a 2020 da 2021. Wanda ya fara ganinta a Sinners a 2025 yana kallon aikin shekara 18 ne.

Maman Sadiya:
Allah ya saka da alheri, Baffa. To ita RADA ɗin, yaya ake shigarta?

Malam Dandamali:
Bari in karɓi wannan. An kafa RADA a 1904, wani ɗan wasa mai suna Herbert Beerbohm Tree ne ya assasa ta. Tana da takwarori: LAMDA wadda ta girme ta, tun 1861; Guildhall; Central wadda Elsie Fogerty ta kafa a 1906, can Judi Dench ta yi; sai na wajen Landan kamar ta Bristol da ta Glasgow da ta Cardiff. Digirin wasa shekara uku ne. RADA tana ɗaukar mutum 28 a shekara, masu nema kuma dubbai ne. Sharaɗin shekaru shi ne a cika 18 kafin a fara. Ba sakamakon jarrabawa suke dubawa ba, abin da kika yi a gabansu shi ne takardarki.

Tantancewar hawa huɗu ce. A hawan farko za ki kawo jawabi biyu da kika haddace: ɗaya daga wasannin zamanin Shakespeare, ɗaya na zamani, kowanne bai wuce kamar minti biyu ba. Tun bayan 2020 galibin makarantu ta bidiyo suke karɓar wannan hawan. Idan kin tsallake, a kira ki ido da ido, ki sake jawaban, ki rera gajeriyar waƙa ba kiɗa. Hawa na uku ɗan zaman aiki ne tare da sauran masu nema, na huɗu kuma yini guda cur, malaman murya da na motsa jiki da na nassi duk suna kallo.

Inda aka fi faɗuwa shi ne nan: yarinya ta gama jawabinta tsaf, sai malami ya ce, sake yi, amma yanzu ki ɗauka wanda kike yi wa magana yana shirin fita daga ɗakin, dole ki tsayar da shi. Sai ta maimaita daidai yadda ta yi da farko, sauti ɗaya, ɗaga hannu ɗaya. Shi ke nan. Ta haddace kiɗan maganar tare da kalmomin, ba za ta iya raba su ba. Su kuwa ba gwana suke nema ba, wadda za ta koyu suke nema. Shi ya sa ake ba da shawarar a haddace kalmomi a miƙe, ba tare da ado ba, sannan a gwada su ta fuska biyar ko shida.

Kuskure na biyu, zaɓar jawabi ba tare da karanta wasan gaba ɗaya ba. Za a tambaye ki me ya faru kafin wannan magana, wa kike yi wa, me kike so daga gare shi. Na uku, 'yar shekara 18 ta ɗauko jawabin sarauniya mai shekara 60 don yana da kuka da ihu. Na kusa da shekarunki ya fi.

Gwaggon Fage:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai a ƙara cewa mutane da yawa ba a karon farko suke shiga ba. Neman shekara biyu ko uku a jere abu ne da aka saba, makarantun ba sa ɗaukarsa aibi. A tsakani ana shiga ƙungiyar wasan matasa ta ƙasa, wadda Michael Croft ya kafa a 1956. Helen Mirren ta nan ta fito, ba ta shiga makarantar wasa ba: ta yi Cleopatra da su a 1965 tana da shekara 20, ba a jima ba kamfanin wasannin Shakespeare, wato RSC, ya ɗauke ta.

Ɗan Kamara:
Gwaggo, kin taɓo inda nake so. Ni ban yarda makarantar dole ce ba. Florence Pugh ba ta shiga ba, tana ɗalibar sakandare aka buɗe tantancewar wani fim ta je ta samu, fim ɗin ya fito a 2014. Emma Thompson a jami'ar Cambridge ta karanta adabi, a ƙungiyar barkwancin ɗalibai ta goge. Letitia Wright kuma a Identity ta yi, makarantar wasa da ba ta cikakken lokaci ba, wadda Femi Oguns ya buɗe a 2003 saboda yaran da manyan makarantun ba sa gani. Shekara uku da bashin dubban fam, alhali ga wasu ƙofofin?

Malam Dandamali:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ce dole ce. Amma ka lura, muna jin sunan wadda ta dace ne kawai, sauran da suka tsaya a layin tantancewa ɗaya da ita ba a rubuta labarinsu. Kuma akwai abin da ba a samu a kan titi. A bari Yaya Mai Murya ta faɗi abin da ake yi a shekara biyun farko, sai ka yi hukunci.

Yaya Mai Murya:
To, bismillah. Makarantun nan ba irin karatun jami'a ba ne da ake shiga lacca biyu a koma ɗaki. Aƙalla awa 30 a mako ɗalibi yana gaban malami, wasu makarantun sun haura haka, daga safe zuwa magariba, ban da bita da dare. A mafi yawansu makara babban laifi ne, domin a sana'ar idan mutum ɗaya bai zo ba aikin mutum ashirin ya tsaya.

Murya ake fara gyarawa, kuma daga numfashi ake farawa. Yawancin mutane da saman ƙirji suke shaƙar iska, kafaɗa ta ɗaga, wuya ya ƙage. Mai irin wannan numfashi idan aka ce ta ɗaga murya, da maƙogwaro za ta tura. Ta yi haka sau takwas a mako, kamar yadda ake wasa a manyan gidajen Landan, cikin 'yan makonni murya ta dishe, idan aka ci gaba wasu ƙananan ƙulli su fito a tantanin murya, sai hutu da magani, wani lokaci har tiyata. Saboda haka watannin farko ɗaliba a kwance take a ƙasa, gwiwa a tanƙwashe, littafi a ƙarƙashin kai, tafin hannu a kan haƙarƙarin ƙasa. Ana so ta ji haƙarƙarin na buɗewa gefe da baya, ciki ya saki, iska ta sauka da kanta. Daga nan ta fitar da iskar da sautin "sss" a hankali, sai "zzz", sai gunji da baki a rufe har ta ji leɓe da ƙashin fuska suna kaɗawa, sannan a buɗe baki zuwa wasali. Sai an samu wannan ake ɗora kalma. Cicely Berry, wadda ta riƙe sashen murya na RSC daga 1969 har shekaru 45, da Patsy Rodenburg ta Guildhall, su ne manyan da aka fi bin tafarkinsu. Abin da Baffa ya faɗa na waƙar Wunmi ke nan: wadda ta yi shekara 11 tana rera waƙa cikin ƙungiya ta zo da rabin wannan aiki a jikinta.

Babban zauren Olivier na gidan wasan ƙasa yana cin mutum sama da 1,100. Abin da ke kai magana kujerar ƙarshe ba ƙarfi ba ne, baƙaƙen ƙarshen kalma ne. Idan aka haɗiye "t" da "d" da "k", na baya zai ji amo amma ba zai ji magana ba, ko da an maƙala wa 'yar wasa makirufo.

Sai nassi. Yawancin wasannin Shakespeare a waƙe suke, kowane layi gaɓa goma, mara nauyi sannan mai nauyi, sau biyar. Wanda ya taɓa auna ƙafafun rubutacciyar waƙar Hausa zai gane abin nan take. Ɗaliba za ta bi jawabin da fensir tana sa alama. Inda layi ya zo da gaɓa 11, ko nauyi ya faɗo a farkonsa, marubucin yana nuna mata hankalin mai maganar ya girgiza a wurin. Inda mutum biyu suka raba layi ɗaya, na biyun zai cafke ba tare da tsayawa ba. Masu farawa hanya biyu suke ɓata shi: ko su rera shi kamar karatun allo har ma'ana ta ɓace, ko su watsar da karin gaba ɗaya don a ce suna magana irin ta yau da kullum, sai numfashi ya ƙare musu a tsakiyar tunani. Ana koya mata ta shaƙi iskar da za ta kai ta ƙarshen tunanin, ko da ya ci layi huɗu.

Ban da wannan akwai gyaran tsayuwa da sakin wuya ta hanyar Alexander, nazarin motsi na Laban, rawa, faɗan dandamali da takobi da mari na ƙarya wanda har jarrabawa ake yi a kansa, karin harshe iri-iri, aikin rediyo, da tsarin Stanislavski: wace ce ni, ina nake, me nake so, me ya tare ni. A shekara biyun nan ba a nuna ɗalibai ga jama'a. Da gangan ne, don su samu damar yin kuskure ba mai sana'a yana kallo.

Ɗan Kamara:
Na karɓi wannan, Yaya, musamman ga mai son dandamali. Amma tsofaffin makarantun sun daɗe suna raina kyamara, alhali nan abincin yake. Yanzu sun gyara, suna koyarwa tun da wuri, sai dai har gobe sabuwar fita takan sha wuya a ranarta ta farko. A dandamali kina tafiya da labari daga farko zuwa ƙarshe. A fim za a iya ɗaukar mutuwar mijinki ranar Litinin, aurenku ranar Alhamis. Ana manna tef a ƙasa, dole ƙafarki ta tsaya a kansa ba tare da kin kalli ƙasa ba, in kin gota da taku ɗaya hoto ya dushe. Idan kin ɗaga kofi da hannun dama a kan wata kalma a ɗauka ta farko, haka za ki yi a ɗauka ta tara, in ba haka ba mai tace hoto ba zai iya haɗa su ba, sai ya yanke ki ya zauna a kan fuskar abokin wasanki. Idan kuma kyamara ta matso fuska, ɗaga gira ɗaya ya isa. Abin da ya yi daidai a zauren mutum dubu, a nan ya zama wuce gona da iri.

Maman Sadiya:
Yaya Mai Murya, maganar karin harshe fa? Ana tilasta wa mutum ya bar nasa ya koma irin Turancin gidan sarauta?

Yaya Mai Murya:
A da haka ne, ƙanwata. 'Yan arewacin Ingila da 'ya'yan talakawa sun sha wannan, a goge musu harshen gida gaba ɗaya. Yanzu ana koyar da wancan lafazin a matsayin ɗaya daga cikin kayan aiki, tare da na Amurka wanda shi ma ya zama tilas saboda kasuwa. Naki kuwa ana so ki riƙe shi. A shafin neman aiki ana jera karin harshen da mutum ya iya, a sa alama a kan na haihuwa. Gargaɗi ɗaya: kada a rubuta abin da ba a iya ba. Za a iya cewa yi mana nan take.

Gwaggon Fage:
Mu zo shekara ta uku, don nan ake rabuwa. Ɗalibai suna yin cikakkun wasanni a gaban jama'a, a ɗauki gajerun finafinai, sannan a yi daren baje koli inda kowa ke samun 'yan mintuna a gaban ejan-ejan da masu zaɓen 'yan wasa. Ejan shi ne mai nemo miki tantancewa ya kuma yi cinikin kwangila. Wasu ɗalibai ejan biyar ke zawarcinsu kafin su gama, wasu su fita ba ko ɗaya, kuma ba kullum gwaninta ke raba su ba. Sau da yawa ejan yana da mai kama da ke a hannunsa ne, ba ya son biyu.

Kayan da ake fita da su huɗu ne. Hoton fuska, wanda dole ya yi kama da ke ranar da kika shiga ɗakin tantancewa, ba ranar biki ba. Gajeren bidiyon ayyuka, minti biyu zuwa uku, mafi kyawun fitowa a farko, don mai kallo ba lallai ya kai ƙarshe ba. Rajista da Spotlight, kundin 'yan wasa da ke nan tun 1927, wanda ta cikinsa ake raba yawancin sanarwar aiki. Sai katin Equity, ƙungiyar 'yan wasa da aka kafa a 1930. A da ba a aiki sai da katinta, dokokin ƙwadago suka soke wannan tilascin wajen 1990, amma har yau ita ke cinikin mafi ƙarancin albashi, tana kuma da inshora da lauyoyi. Ba ta yarda mutum biyu su yi aiki da suna ɗaya. Olivia Colman sunanta na yanka Sarah, ta tarar da wata Sarah Colman a rajista, dole ta sauya.

Michaela Coel, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, ta nuna wata dabara. Aikinta na shekarar ƙarshe a Guildhall wasa ne da ta rubuta da kanta, ita kaɗai a dandamali. Ta gama a 2012, ta ci gaba da nuna shi a ƙananan gidaje, ya zama shirin talabijin a 2015, ta ci BAFTA a 2016. Yanzu makarantu da yawa suna koya wa ɗalibai ƙirƙirar aikin kansu, domin jiran waya ta yi ƙara yana karya zuciya.

Hajiya Lissafi:
Ku ba ni fili in yi maganar kuɗi, don ita ake ɓoyewa. Ɗan ƙasa ya biya fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025, kafin nan 9,250 ne na tsawon shekaru, kuma gwamnati tana ba da bashi. Baƙo yana biyan sama da fam 20,000 a shekara, ba bashin gwamnati, ga hayar ɗaki a Landan. Jadawalin kuma bai bar lokacin aikin neman na cefane sosai ba.

Bayan fita, ejan na gaskiya ba ya karɓar ko kwabo kafin aiki. Daga ladanki yake cire kamasho, yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin 100, talla takan fi haka. Duk wanda ya ce biya kuɗin rajista, ko dole a ɗauki hoto wurin mai hotonsa, a guje shi. Misali, aiki ya kawo fam 1,000, kamasho kashi 12.5, fam 125 ke nan. A kan kamashon akwai harajin kaya kashi 20, fam 25. Saura 850, kuma ba a cire harajin gwamnati ba tukuna, domin 'yar wasa a matsayin mai zaman kanta take, ita za ta kai lissafinta. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu, ana cike takarda ta intanet a biya kafin 31 ga Janairu. Tarkon yana nan: idan harajin ya haura fam 1,000, hukuma takan nemi a biya shi, a kuma ɗora rabin na shekara mai zuwa a rana ɗaya, sauran rabin a Yuli. Yarinya ta samu shiri mai kyau, ta kashe kuɗin, shekarar da ta biyo ba aiki, sai ga takardar haraji ninki ɗaya da rabi. Maganinsa, duk kuɗin da ya shigo a ware kashi 25 zuwa 30 a wani asusu daban, a adana rasit na hoto da kuɗin mota da kamasho, don ana rage su daga abin da za a yi wa haraji.

Kuma mafi yawan 'yan wasa suna da sana'a ta biyu: koyarwa, aikin ofis na wucin gadi, hidima a gidan abinci, karanta littattafan saurare. Colman kanta ta yi aikin buga takardu da na shara a farkonta. Ta gama makarantar Bristol a 1999, Oscar ya zo a 2019.

Malam Dandamali:
Hajiya, abin da ke damuna shi ne tsanin da ake hawa a da yana karyewa. Zamanin Judi Dench kusan kowane gari yana da kamfanin wasa na dindindin, ana nuna wasa da dare ana bitar na mako mai zuwa da rana. Mutum ya yi shekara biyu a haka ya taka rawa iri-iri masu yawan gaske. Ita ta fita Central a 1957 ta faɗa gidan wasan Old Vic a matsayin Ophelia ta wasan Hamlet, ta yi shekara huɗu a can kafin RSC. Da wannan tsari ya ja baya, shirye-shiryen talabijin masu dogon zango suka maye gurbinsa, kowane mako suna bukatar sabbin fuskoki: mara lafiya, shaida, ɓarawo. The Bill ya tsaya a 2010, Holby City a 2022, Doctors a 2024. Casualty da ya fara a 1986 da irin su EastEnders ne suka rage. Makarantar ALRA ta rufe dare ɗaya a 2022 ɗalibai na tsakiyar karatu. Don haka kafin a biya kuɗi a binciki lafiyar makarantar, a duba jami'ar da ke tabbatar da digirinta, a kuma duba inda ɗalibanta na shekara uku da suka wuce suke.

Ɗan Kamara:
Shi ya sa bidiyon gwaji ya zama rabin sana'ar yanzu. Ejan zai turo shafuka, ki ɗauki kanki a gida ki aika. Waya a kwance ba a tsaye ba, daidai tsayin ido. Bango fili a baya, haske daga gaba, kada taga ta kasance a bayanki. Hoto daga ƙirji zuwa ɗan saman kai. Mai karanta miki ɗaya ɓangaren ya tsaya dab da gefen kyamara, ki kalle shi, ba cikin gilashin ba, kuma ya sassauta murya, don ya fi ki kusa da makirufo. Sunan fayil yadda aka ce a rubuta, haka za a rubuta. A 2021 Equity da ƙungiyoyin ejan da na masu zaɓen 'yan wasa sun amince a riƙa ba da aƙalla kwana huɗu, kuma kada shafukan zagayen farko su wuce shida. Ba kowa ke bi ba, amma ejan yana da abin kafa hujja.

Maman Sadiya:
Akwai abin da ke cin raina. Idan rawar tana da fitowar da ta saɓa wa tarbiyyar mutum, tana da ikon ƙi?

Gwaggon Fage:
Tana da shi, 'yata, amma lokacin faɗa shi ne kafin sa hannu. Tun zaman farko da ejan ake gaya masa iyakar: wannan zan yi, wannan ba zan yi ba, don kada ya tura ki inda za a yi jayayya. Ka'idar sana'ar ita ce a sanar da 'yar wasa a rubuce idan akwai tsiraici ko kusantar jiki, a fayyace abin da za a nuna a cikin kwangila. Ƙungiyar daraktocin Birtaniya ta fitar da jagora a 2019 da ya hana neman mutum ya tuɓe a tantancewar farko. Akwai kuma ma'aikata na musamman da ke tsara irin waɗannan fitowa, Ita O'Brien na cikin waɗanda suka kafa aikin. Inda ake cutuwa shi ne a sa hannu a kan magana mai harshen damo, sannan ranar ɗauka darakta ya ƙara abu, ga ma'aikata hamsin suna jira, yarinya ta ji kunyar cewa a'a. A wannan hali ejan ake kira, shi zai yi faɗan. Gaskiya ne iyaka tana rage yawan ayyukan da za su zo, wannan kam sai mutum ya shiga da saninsa.

Baffan Zazzau:
Akwai wani abu a tarihin Wunmi da bai kamata a tsallake ba. Manyan rawar da suka ɗaga ta bayan BAFTA da yawansu daga Amurka suka zo. Ba ita ta fara ba. Marianne Jean-Baptiste, ita ma 'yar RADA, ta shiga takarar Oscar saboda fim ɗin 1996, mace baƙar fata ta farko daga Birtaniya da ta kai nan, amma aiki mai ɗorewa a talabijin ɗin Amurka ta same shi daga 2002. Cynthia Erivo ta gama RADA a 2010, wasan da ta yi a ƙaramin gida a Landan a 2013 shi aka kai Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa ta New York, ta ci Tony, babbar kyautar dandamali ta can, a 2016. Birtaniya ta iya horarwa, amma ta daɗe tana ƙarancin manyan rawa ga baƙaƙen mata, wani ɓangare saboda yawan shirye-shiryen tarihin turawa da take yi. Abin ya fara sauyawa, bai gama ba.

Shekaru ma suna da nasu. Rawar mata takan ragu bayan 40, sai dai waɗanda suka kafu a dandamali sun fi jurewa. Dench tana da shekara 60 ta fara fitowa a matsayin shugabar James Bond a 1995, ta karɓi Oscar a 1999. Mirren tana da shekara 45 lokacin da shirinta na Prime Suspect ya fito a 1991.

Maman Sadiya:
Tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri. Yarinyar da ta karanta wasan kwaikwayo a jami'ar Ahmadu Bello, tana iya nema daga nan?

Hajiya Lissafi:
Tana iya. Tunda tana da digiri, ta fi dacewa da digiri na biyu a wasa, na shekara ɗaya ko biyu, irin wanda LAMDA da Central da wasu suke yi, ya fi sauƙin kuɗi a kan shekara uku. Zagayen farko ta bidiyo ne, saboda haka daga Samaru ma za ta iya aikawa. Ana buɗe nema wajen Oktoba, wasu makarantun su rufe a Janairu ko Fabrairu, don haka jawaban su zama a shirye tun damina. Ta nemi tallafin karatu a lokaci ɗaya da neman gurbi, kada ta jira sai an ɗauke ta, domin ofishin biza zai nemi shaidar kuɗin makaranta da na zama a asusu na kwana 28 a jere. Ta kuma sani cewa bizar ɗalibi ta hana aiki a matsayin mai nishaɗantarwa da kuma zaman kai, in ban da wasan da ke cikin manhajar karatu. Ko ejan ya gan ta ya so ta, ba za ta karɓi aikin kuɗi ba sai ta gama ta koma bizar waɗanda suka kammala, wadda ita ta yarda da aikin zaman kai amma wa'adinta gajere ne. Ka'idojin bizar suna yawan sauyawa, ta duba shafin gwamnatin Birtaniya a makon da za ta cike takarda.